Ƙarfe na cikin ƙasa, dashe na jin yunwarsa: abin da ke sa ganyen mangwaro da lemo yin ɗorawa a garakenmu

 Yau batun garka ne. Duk shekara idan bazara ta kama, masu renon itace suka cika ledoji suka jera a inuwa, akwai koken da ba ya yankewa: an sayo dashen mangwaro mai aure, wanda muke ce ma girefe, ko dashen lemo da gwaba, ana ba shi ruwa safe da maraice, amma sabon ganyen da ya fito sai ya yi ɗorawa, daga nan ya yi fari fat, bakinsa ya ƙone, kan dashen ya bushe. Mai garka ya ruga kasuwa ya sayo iriya ya zuba, abu ya ƙi. Wanda ya aiko kuɗin daga waje kuma ya fara zargin ƙanensa da sakaci, ko ya ce mai pepiniyar ne ya cuce su.

Sau da yawa ba sakaci ba ne, ba cuta ba ce. Yunwar ƙarfe ce.

Ƙarfen da muke nufi shi ne sinadarin nan da ke cikin jajayen ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba mata masu juna biyu wurin awo. Kamar yadda jinin mutum ba ya cika sai da shi, haka ganye ba ya iya haɗa korensa sai da shi, kuma da wannan koren ne itace ke dafa abincinsa a hasken rana. Gane wannan yunwa ba wuya idan aka duba da kyau. Ganyen sama, sabon toho, shi ke fara yin ɗorawa, jijiyoyinsa kuma su tsaya tsanwa shar kamar an zana su da alƙalami, alhali tsoffin ganyen ƙasa na nan da korensu. Dalili kuwa, ƙarfen da ya riga ya shiga tsohon ganye ba ya tashi ya koma sabo. Idan kuwa tsoffin ganyen ƙasa ne suka fara ɗashewa gaba ɗaya har da jijiyoyin, to wannan yunwar azot ce, ita ce iriya ke magani. Iriya ba ta da ƙarfe ko ƙwaya ɗaya. Takin 15-15-15 ma ba don ƙarfe aka yi shi ba. Shi ya sa mutum zai zuba kuɗinsa a gindin dashe bai ga canji ba.

Abin mamakin shi ne ƙasarmu ba ta rasa ƙarfe ba. Masana sun auna, ƙarfe ya kai wajen kashi 5 cikin 100 na ɓawon duniya, shi ne na huɗu a yawa cikin dukkan sinadarai. Jan da kuke gani a rairayin tuddai, da jan marmara, da tamar da maƙeran da suke narkewa, duk ƙarfe ne. To amma a sifar tsatsa yake, ita kuwa tsatsa ba ta narkewa a ruwa, saiwa kuma ba ta cin abin da bai narke ba. Rumbu ne cike da hatsi, ƙofa a kulle.

Mai riƙe da makullin a wurinmu ita ce kanwa.

Kowa ya san fasalin kwarin ƙasar Gure. Daga tudu ka gangaro ka tarar da goruba ta yi zobe, a ciki dabino, sai garake na rogo da rake da albasa da kabeji, can tsakiya kuma farar ƙasa mai kanwa ko tabki. Wannan kanwa arziki ce, ita ake lodawa a kai kasuwar Gidigir da Najeriya, dabbobinmu ma ba su rabuwa da ita. Amma uwar gida ta san aikinta a tukunya: idan yakuwa ko tsamiya ta yi tsami da yawa, ɗan guntun kanwa ke kashe tsamin. Haka take yi a ƙasa. Shi kuwa ƙarfe ɗan tsami-tsami yake so kafin ya narke. Masana na da ma'auni da suke kira pH, daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya, ƙasa da 7 tsami, sama da 7 ɓangaren kanwa. Mangwaro da lemo sun fi jin daɗi wajen 6 zuwa 7. Ƙasa mai kanwa kan wuce 8.5, wani lokaci ta kai 10. Kuma hawa ɗaya a wannan ma'auni ba ƙaramin abu ba ne, don duk hawa ɗaya, narkewar ƙarfen mai sifar tsatsa na raguwa kusan sau 1000. Ga kuma ruwan rijiya. Idan ruwan da ake ban dashen da shi na ɗauke da kanwa, ko da ƙasar cikin ledar mai kyau ce, kullum ana ƙara mata kaɗan-kaɗan, ruwa ya tafi da zafin rana, kanwa ta zauna. Farin busar nan da kuke gani a bakin leda, ita ce.

Wanda ke son ya gwada ƙasarsa, ga dabara ta kusa-kusa. A ɗebi busasshiyar ƙasa a matse mata lemun tsami. Idan ta yi kumfa tana tsuwa, akwai kanwa ko farar ƙasa a ciki. Ko kuma a dama ƙasar da ruwan sama, a bari ta kwanta, a tsiyaye ruwan a ɗiga masa ruwan zoɓo kaɗan wanda aka tsarma sosai. Idan jan ya juya ya yi duhu ko ya koma wajen tsanwa, kanwa ta yi yawa. Haka za a iya gwada ruwan rijiyar ma.

To ina bakteriya ta shigo?

Matsalar farko ita ce suna. A asibiti idan an ce bakteriya, ƙwayoyin cuta muke fassarawa, har mutane suka ɗauka duk abin da ido ba ya gani abokin gaba ne. Ba haka ba ne. Su ne ke sa madara ta kwana ta zama nono. Su ne ke ruɓar da kalwa da 'ya'yan yakuwa su zama daddawa. A cikin giram 1 na ƙasa mai rai, wato abin da bai cika ƙaramin cokali ba, ana samun su ɗaruruwan miliyoyi, kuma mafi yawansu ba ruwansu da cutar da kowa. Wanda ke son ya ga aikinsu da idonsa, ya tuge wake ko gyaɗa lokacin da take fure, ya duba saiwar. Zai ga 'yan ƙulle-ƙulle manne da ita. Ya fasa ɗaya da farce. Idan cikinsa ja-ja ne, to gidan bakteriya ne da ake kira Rizobiyom, suna kamo azot daga iska suna ba shukar. Wannan jan kuwa ɗan uwan jan jininmu ne, shi ma da ƙarfe aka gina shi. Gao ma na da irin wannan ƙawance a saiwarsa, yana cikin dalilan da suka sa hatsin gindinsa ke fin na fili.

Inda suka fi taruwa shi ne jikin saiwa. Tun a 1904 wani masani ɗan Jamus, Lorenz Hiltner, ya lura da cewa 'yar siririyar ƙasar da ke manne da saiwa daban take da sauran ƙasa, a nan halittu suka fi cika. Dalili shi ne itace na ciyar da su. Daga cikin abincin da ganye ke dafawa, wani kaso, wani lokaci har kusan ɗaya cikin biyar, saiwa ke fitarwa waje a matsayin sukari da ruwa mai tsami. Ba ɓarna ba ce, kuɗin ƙwadago ne.

Su ma bakteriya ƙarfen suke bukata don su rayu, kuma sun fi itace dabarar samunsa. Idan suka ji ƙarancinsa, sai su saki wani sinadari da masana ke kira sidarofo, kalmar Girkanci ce mai nufin mai ɗaukar ƙarfe. Ku ɗauke shi kamar awartakin maƙeri. Yana fita cikin ƙasa, ya cafko ƙwayar ƙarfe daga jikin tsatsa, ya riƙe ta gam yadda kanwa ba ta iya sake daskarar da ita, ya yi ta yawo da ita cikin ruwan ƙasa. Bakteriya ta ɗauki nata, saiwar da ke kusa ita ma ta samu rabo. Wasunsu kuma tsami suke fitarwa, su ɗan sassauta ƙarfin kanwa a daidai jikin saiwa, ko da sauran ƙasar na nan yadda take. Akwai ma masu zaburar da itacen kansa. Itace irin mangwaro da lemo na da dabararsa: saiwa ta fitar da tsami, sannan ta juya ƙarfen zuwa sifar da take iya haɗiyewa. Kanwa na kashe wannan dabara, wasu bakteriya kuma na ƙara mata ƙarfi.

Wannan ba hasashe ba ne, an gwada. A 1980 Joseph Kloepper da abokan aikinsa a jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka nuna cewa bakteriyar da ake kira Sudomonas na ƙara girman shuka ta hanyar wannan awartaki, kuma suka gano wata riba ta biyu: idan masu amfani suka kwashe ƙarfen da ke kusa da saiwa, masu ruɓar da saiwa sai su rasa na ci, su yi rauni. A shekarar 2000 wasu masana a Jamus suka shuka masara a ƙasa iri ɗaya kashi biyu, ɗaya an kashe duk halittun cikinta, ɗaya an bar ta da ranta. Ƙarfen cikin ƙasar ɗaya ne, amma shukar da ke cikin matacciyar ƙasa ta samu kaɗan, girmanta ya ragu. A Turkiyya kuma, a jami'ar Selcuk da ke birnin Konya, inda farar ƙasa ke hana itatuwa cin ƙarfe kamar yadda kanwa ke yi a nan, an shafa ma saiwar dashen tuffa da wasu itatuwan ƙasashen sanyi bakteriya iri-iri, sakamakon da aka wallafa a 2017 da 2018 ya nuna ƙarfen ganyensu ya ƙaru. Wanda ya fi kusa da garakenmu shi ne na Birazil a 2015, a kan rogo: wani nau'in bakteriya mai suna Basilus subtilis ya ƙara yawan ƙarfe a ganyen rogon.

Wani abin dariya, wannan Basilus subtilis ɗin danginsa ne ke yi mana daddawa. Amma don Allah kada gobe mu ji an kwashe daddawar uwar gida an kai garka. Dangi ɗaya ne, aiki daban-daban, kuma daddawar batso da kanwa ko ruwan toka ake dafa ta, wato abin da muke gudu.

Yanzu ga tambayar da 'yan uwa na waje za su yi: a sayo maganin a aiko? Akwai shi, a wasu ƙasashe ana sayar da bakteriya a leda ko a kwalba, gari ko ruwa. Sai dai a tuna abu ne mai rai. Kwalbar da ta yi kwanaki a saman mota cikin zafin Afrilu, ta zo ta yi wata biyu a shagon kwano, da wuya a samu mai numfashi a ciki. Ko sun iso da rai, baƙi ne, sai sun yi kokawa da 'yan gida kafin su samu wurin zama, shi ya sa abin da ya yi kyau a ɗakin gwaji ba kullum yake yin haka a gona ba. A ganinmu, kafin a kashe jikkuna a kan kwalba, a fara kula da waɗanda Allah ya riga ya zuba a ƙasarmu, waɗanda suka saba da zafinmu da kanwarmu.

Kulawar daga cikin leda take farawa. Kada a ɗebi ƙasar tsakiyar kwari don ta fi kusa ko don ta fi riƙe ruwa. A hau wajen tudu a ɗebo rairayi mai tsabta, a haɗa da taki ruɓaɓɓe, kamar kwano 2 ko 3 na rairayi da kwano 1 na taki. Mun ce ruɓaɓɓe, wanda ya yi baƙi, ya huce, warinsa ya koma na ƙasar damina. Ɗanyen kashin awaki ko na shanu ƙone saiwa yake yi, ya kuma gayyato gara. Ruɓaɓɓen taki aiki uku yake yi lokaci ɗaya: ya kawo bakteriya, ya ciyar da su, sannan baƙin sinadarin da ke cikinsa shi ma yana riƙe ƙarfe kada ya daskare. Ana iya ƙara tafi ɗaya na ƙasar gindin gao, ko ta gindin lafiyayyen mangwaro ko lemo da ya daɗe yana ba da 'ya'ya a wannan kwarin, kamar dai yadda ake zuba tsohon nono a sabuwar madara. Amma a zaɓi wuri. Ƙasar gindin itace mai ciwo, ko ta inda saiwar tumatir da kuɓewa ke kumbura, cuta za ta kawo.

Toka fa? A nan ne mutane da yawa ke yi ma kansu illa da kyakkyawar niyya. Ana barbaɗa toka a leda ko a ramin dashe don korar gara. Toka 'yar uwar kanwa ce, kowa ya san da ruwanta ake miya idan kanwa ta ƙare. A jigawa mai tsami tana da amfani, amma a kwari mai kanwa ƙara ma Barno dawaki ne. Haka ruwan wanki da na wanke-wanke mai omo, kada a zuba shi gindin dashe da sunan tattali. Haka ƙona tarin taki ko ƙona ciyawa a kan ramin dashe, wuta na kashe halittun saman ƙasa, ta bar toka.

Sai ruwa, wanda shi ne ya fi wuyar faɗa ma mai garka. Idan ganye ya yi ɗorawa, abin da zuciya ke ba mutum shi ne ƙishirwa ce, sai ya ƙara ruwa. Ƙasar da ta jiƙe sharkaf ba iska a cikinta, saiwa ta shaƙe, bakteriya masu amfani da ke bukatar iska su ragu, sinadarin da ke toshe cin ƙarfe kuma ya taru. Ɗorawar sai ta ƙaru. A tabbata an huda gindin leda. A sa yatsa a taɓa, idan da sauran danshi a bari sai gobe. Amma lokaci-lokaci, kamar sau ɗaya a mako, a ba shi ruwa mai yawa har ya fita ta ƙasa ya wanke gishirin da ya taru. Wanda ke da rijiya biyu ya ɗanɗana, wadda ba ta da ɗanɗanon kanwa ita ce ta dashe, ko da ta fi nisa. In damina ta sauka kuwa, a tara ruwan sama a tano, babu kamarsa. A kuma yi ma ledojin rumfa da kabar goruba, don baƙar leda a tsakiyar rana tukunya ce.

Tsohuwar ƙusa ko guntun ƙarfe da wasu ke binnewa a gindin itace, ko su kafa a jikinsa, ba ya magani. Tsatsa zai yi, ita kuwa tsatsa ƙasar ta riga ta cika da ita.

Akwai wata dabara da ta shafi hatsi. A 1976 wani masani ɗan Japan mai suna Takagi ya gano cewa dangin ciyawa, wato su gero da dawa da masara da alkama, saiwarsu na fitar da nasu awartakin da kansu. A arewacin Sin, inda gyaɗa ke yin ɗorawa a farar ƙasa, an ga cewa idan aka haɗa ta da masara har saiwoyinsu suka cakuɗe, gyaɗar na yin kore. Wanda ya riga ya dasa itacensa a fili zai iya gwada barin 'yan kawunan dawa ko ciyawa a gefen kwalbatin ban ruwa, yana yankewa yana shimfiɗa ganyen a gindi. Kada dai su yi yawa su shanye ma dashen ruwa.

Idan dashen ya riga ya yi fari, bakteriya ba sa aikin gaggawa, sai an agaza da magani. Ana narka silfat na ƙarfe, koren gari ne, giram 2 zuwa 3 a lita 1 ta ruwa mai daɗi, a fesa ma ganye da maraice. A fara da dashe ɗaya a ga yadda zai karɓa, don in ya yi kauri ƙone ganye yake. Ganyen da maganin ya taɓa kawai ke komawa kore, sabon toho sai an sake fesawa. Zuba shi a ƙasa mai kanwa asara ce, nan take zai daskare. Na zubawa a ƙasa shi ne wani jan gari mai duhu da aka rubuta EDDHA a jikin ledarsa, awartaki ne da kamfani ya ƙera, yana aiki ko a kanwa, amma da tsada. Wanda aka rubuta EDTA ya fi araha, sai dai a irin ƙasarmu sakin ƙarfen yake yi. Ɗan uwan da ke son aiko wani abu, wannan bambancin haruffa shi zai duba, kuma ya fi kwalbar bakteriya jure tafiya.

Gaskiya ɗaya kuma sai mun faɗa: akwai wurin da ko me aka yi mangwaro da lemo ba za su zauna ba. Kusa da farar ƙasar tsakiyar kwari, inda ruwan ƙasa mai kanwa ke kusa, dashe kan yi kyau shekara ɗaya ko biyu, ranar da saiwarsa ta taɓa wannan ruwa sai ya juya. Kakanninmu ba banza suka jera dabino a inda suka jera shi ba, yana jure abin da mangwaro ba ya jurewa. Magarya ma haka, kuma akwai mai aure da ake kira Pomme du Sahel, wadda cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai ta yaɗa, 'ya'yanta manya, a kan magaryarmu ta gida ake ɗaura ta. Mangwaro da lemo da gwaba a kai su gefen sama, wajen gindin tudu, inda ƙasa ke da rairayi kuma ruwa ke wucewa. Lemo kuma a tambayi mai pepiniyar a kan wane gindi aka yi auren, don gindi ne ke cin ƙarfe, ba reshen da aka ɗaura ba. Irin su bigaradiye da Volkameriana sun fi wasu jurewa.

Ranar 3 ga watan Agusta, ranar bikin dashen itace ta ƙasa, na tafe, kuma dashen da za a kafa a ranar yanzu yake cikin leda. Ramin a haƙa shi tun da wuri, a cika da rairayin tudu da ruɓaɓɓen taki, a bari ruwan farko ya wanke shi. Wajen saye kuma a duba sabon toho, ba tsayin dashen ba. Wanda ya ga ɗorawar da bai gane ba, ya tsinko reshe mai tsohon ganye da sabo tare, ya kai ma jami'in gona ko na gandun daji na Bune ko na Gure, ko ya ɗauki hoto da rana ya tura ma ma'aikatan zauren manoma na jahar Damagaram. A haɗa da ɗan ruwan rijiyar a gora da tafi ɗaya na ƙasar ledar.